Mulkin Soja da Birnin Kano: Waiwaye a Kan Zamanin Janar Murtala da Abin da Ya Biyo Baya



Kafin mu shiga magana, muna roƙon duk wanda yake da takardar naira ashirin a aljihunsa ya fito da ita ya dube ta. Mutumin da ke jikinta Janar Murtala Ramat Muhammed ne, haifaffen unguwar Kurawa a cikin birnin Kano. An fito da wannan takarda a watan Fabrairu na shekarar 1977, shekara guda bayan kashe shi, kuma shi ne ɗan Nijeriya na farko da aka sa hotonsa a takardar kuɗi. A lokacin nan ba ta da babba a ƙasar nan, darajarta kuwa ta kai wajen dala 30 ta Amurka. Daga baya ta koma da ƙyar take sayen ruwan leda guda. Tsakanin waccan daraja da wannan akwai tarihi mai tsawo, kuma wani kaso mai girma na tarihin nan a ƙarƙashin mulkin soja ya faru.

Dalilin da ya sa muka zaɓi wannan batu a fili yake. A watan Yuli na 2023 soja suka hamɓarar da gwamnatin Shugaba Bazoum a Jamhuriyar Nijar, maƙwabciyarmu. A watan Agusta na 2024 kuma, sa'ad da aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa, an ga wasu samari a titunan Kano suna ɗaga tutar Rasha suna kiran soja su dawo. Yawancin samarin nan ba su yi wayo a ƙarƙashin mulkin soja ba, domin tun 1999 rabon Nijeriya da shi. Idan aka tambaye su irin sojan da suke so, sunan da ya fi saurin fitowa a bakinsu shi ne Murtala. Saboda haka ya kamata mu da Allah ya ba damar karatu mu zauna mu auna zamaninsa da ma'auni na gaskiya, mu ga abin da ya jawo wa birnin da ya haife shi.

Halin da ake ciki kafin juyin mulki

Janar Yakubu Gowon ya hau mulki a 1966, ya yi shekara tara. A zamaninsa aka ƙirƙiro Jihar Kano ranar 27 ga Mayu, 1967, aka ba Kwamishinan 'Yan Sanda Alhaji Audu Bako gwamna. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970, sai kuɗin man fetur suka fara kwararowa, musamman daga ƙarshen 1973 da farashin ganga ya ninka wajen sau huɗu a kasuwar duniya. Da irin waɗannan kuɗi Audu Bako ya gina madatsar ruwa ta Tiga da ta Bagauda, da gidan zu, da hanyoyi da ofisoshi waɗanda har yau ana cin moriyarsu.

To, amma ruwa ba ya tsami banza. Abubuwa huɗu ne suka zubar da mutuncin gwamnatin Gowon. Na farko, ƙidayar jama'a ta 1973 wadda ta ba da kusan mutum miliyan 80, aka yi ta gardama a kanta. Na biyu, ranar 1 ga Oktoba, 1974, Gowon ya janye alkawarin da ya yi na mayar da mulki ga farar hula a 1976. Na uku, ƙarin albashin Udoji da aka biya a farkon 1975 tare da ariyas na watanni. Ma'aikaci ya sayi babur da rediyo, amma mai awo a kasuwar Rimi da mai yadi a Kantin Kwari suka ƙara kuɗin kaya ga kowa da kowa, har da manomi da ɗan dako waɗanda ba su sami ƙarin ko sisin kwabo ba. A wannan shekara hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. Na huɗu, badaƙalar siminti: aka yi odar wajen tan miliyan 20, yawancinsa da sunan Ma'aikatar Tsaro, jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin tashar Ikko, ƙasa tana biyan kuɗin jira kullum, sauran kayan masarufi kuwa suka rasa hanyar shigowa.

Ranar 29 ga Yuli, 1975, Gowon yana birnin Kamfala na ƙasar Yuganda wajen taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, Kanar Joseph Garba ya ba da sanarwa a rediyo cewa an tuɓe shi. Ba a zubar da jini ba. Aka ɗora Birgediya Murtala, yana da shekara 36 da haihuwa.

Kwana ɗari biyu

Mutumin da ya hau mulki ɗan birni ne gaba da baya. A makarantar Cikin Gida da ta Gidan Makama ya fara karatu, ya wuce Midil ta Kano wadda yau ake kira Kwalejin Rumfa, sa'an nan Barewa a Zariya, daga can sai aikin soja. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya, don haka dole mu faɗa cewa ba da hannu mai tsabta ya iso ba. Yana cikin jagororin juyin mulkin Yuli na 1966, kuma dakarun Runduna ta Biyu da ke ƙarƙashinsa ne suka kashe ɗaruruwan farar hula a garin Asaba a watan Oktoba na 1967. Wanda ya ɓoye wannan don son ɗan gida, ya ci amanar ilmi.

Abin da ya yi cikin kwana kusan 200 ya isa abin mamaki. Ya sauke gwamnoni 12 gaba ɗaya, aka kawo Kanar Sani Bello Jihar Kano. Ya soke ƙidayar 1973, aka koma ga ta 1963. Ranar 1 ga Oktoba, 1975, ya shimfiɗa jadawalin miƙa mulki wanda zai ƙare ranar 1 ga Oktoba, 1979, ya kuma kafa kwamitin rubuta tsarin mulki a ƙarƙashin Cif Rotimi Williams. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, ya mayar da jihohi 19, ya kuma yanke shawarar ɗauke hedkwatar ƙasa daga Ikko zuwa Abuja. An kafa Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda wani ɗan birnin, Alhaji Yusuf Maitama Sule, ya zama shugabanta na farko. A harkar waje, Nijeriya ta amince da gwamnatin MPLA a Angola, kuma a taron Adis Ababa na Janairun 1976 Murtala ya ƙi bin shawarar da Shugaba Ford na Amurka ya aiko wa shugabannin Afirka, ya nuna cewa nahiyar ta isa ta yanke wa kanta hukunci. Wannan jawabi shi ya fi kome ɗaga sunansa a wurin ɗalibai.

Sai kuma sharar ma'aikata. An sallami fiye da mutum 10,000 daga aikin gwamnati, da jami'o'i, da kotuna, da 'yan sanda da soja, har da Alƙalin Alƙalan ƙasa, Dokta Taslim Elias. Bincike ya kama gwamnoni 10 daga cikin 12 da laifin azurta kai, aka ƙwace kadarori, kuma Audu Bako yana cikinsu. Talakawa sun yi murna, domin a karo na farko sun ga babban mutum ya faɗi. Amma a nan ne muke so ɗalibi ya tsaya ya yi tunani. Da yawa daga cikin waɗanda aka kora a rediyo suka ji sunansu, ba a tuhume su a gaban alƙali ba, ba a ba su damar kare kansu ba. An haɗa ɓarawo da tsoho da wanda shugabansa ya tsana an share su da tsintsiya guda. Darasin da sauran ma'aikata suka ɗauka shi ne, kujerar nan ba ta da tabbas, gara mutum ya tara abin da zai tara tun yana kai. Masana da dama suna ganin daga nan aikin gwamnati ya fara rasa natsuwarsa. Daga baya ma gwamnatin Janar Babangida ta mayar wa wasu kadarorin da aka ƙwace, watau abin da dokar soja ta karɓa, wata dokar soja ta mayar.

Ranar Jumma'a, 13 ga Fabrairu, 1976, mutanen Laftanar-Kanar Buka Suka Dimka suka harbe Murtala a cikin motarsa a Ikko, yana kan hanyar ofis. Aka kawo gawarsa Kano aka binne, inda yau masallacin da ke ɗauke da sunansa yake a unguwar Hausawa. Babban asibitin birni da ke Ƙofar Mata ma sunansa yake amsawa. Janar Obasanjo ya gaje shi, tare da Shehu Musa 'Yar'aduwa na Katsina a matsayin mataimaki. An harbe mutum fiye da 30 a kan wannan yunƙuri a watan Maris da na Mayu.

Yadda iko ya fita daga birni

Idan muka bar Ikko muka dawo cikin ganuwa, babban canjin da mulkin soja ya kawo shi ne raba fada da iko. Kafin 1966, En'e ta Kano gwamnati ce sosai: tana da baitulmali, da 'yan doka, da gidan yari, da kotunan alƙalai, Sarki kuma yana zaman shari'a da kansa. Tun a zamanin Gowon aka fara zare waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Aka rufe kotun Sarki, kotunan alƙalai suka koma hannun jiha, 'yan doka suka narke cikin 'yan sandan Nijeriya, gidajen yari suka koma na Tarayya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda Murtala ya tsara Obasanjo ya zartar, shi ya ƙarasa aikin. Aka rushe En'e, aka raba Jihar Kano ƙananan hukumomi 20, Majalisar Sarki Alhaji Ado Bayero ta zama mai ba da shawara.

Abin lura a nan shi ne, wannan buƙata ce da Malam Aminu Kano da jam'iyyar NEPU suka yi ta fafutuka a kanta tun 1950, aka ɗaure su, aka yi musu bulala a kanta. Abin da 'yan siyasa suka kasa samu a shekara 15, soja sun zartar da shi da alƙalami. Wannan riba ce, ba ma musunta ta. Sai dai mu tambaya: da ikon ya bar fada, ina ya nufa? NEPU ta nema wa talaka ne, amma wurin da ya sauka shi ne ofishin gwamnan soja wanda ba wanda ya zaɓe shi, wanda kuma daga Ikko yake karɓar umurni da kuɗi. Dokar mallakar ƙasa ta Maris 1978 ta ƙara ƙarfafa wannan, domin ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, takardar mallaka ta zama sai da sa hannunsa. Mai unguwa ya san gidan kowa da iyakar kowa, ko da yake yana iya zalunci. Jami'in ofishin filaye kuwa fayil ya sani, kuma wanda ya fi kusa da gwamnati shi ya fi saurin samun fuloti. A shekarun da suka biyo baya mun ga yadda aka yi ta cinye badala, wadda Sarki Gijimasu ya fara ginawa wajen shekara 900 da suka wuce, aka cike kududdufan da ke shanye ruwan damina aka yi gini a kansu.

Tattalin arziki: daga gyaɗa zuwa fetur

Arzikin Kano na ƙarni na 20 a kan gyaɗa ya tsaya, tun zuwan jirgin ƙasa a 1911. A shekarun 1960 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, kuma dalar gyaɗa ta Kano ita ce shaidar haka. Farin 1972 zuwa 1974 ya karya manoma, cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage. Wannan daga Allah ne, ba laifin soja ba. Laifin gwamnati shi ne, da ta ga fetur yana kawo kuɗi, sai ta daina damuwa da manomi. Naira ta yi ƙarfi ƙwarai, har ya zama shinkafa da alkama da man girki na ƙasashen waje sun fi na gida araha. Samari suka bar gona suka shigo birni neman aikin lebura a wuraren gine-gine. An kafa shirin Ciyar da Ƙasa a 1976, an kafa Hukumar Gyaɗa ta ƙasa a 1977 da hedkwata a Kano, amma dalar ba ta dawo ba.

Shirin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, an tsara shi a kan naira miliyan dubu 30, bisa zaton kuɗin fetur ba za su ragu ba. Masana'antu sun yawaita a Bompai da Sharaɗa da Challawa, amma yawancinsu da injin waje da kayan haɗi na waje suke aiki. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun ba attajiran Kano damar sayen hannun jari a kamfanonin Turawa da na Kwara. Wanda yake da kuɗi ko yake da hanyar banki shi ya saya. Marinin Ƙofar Mata, da dukawa da masaƙa da maƙeran da suka riƙe kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ba su ga kome ba sai gasar kayan waje masu araha. Da kasuwar fetur ta ja baya a 1978, gwamnati ta ciyo bashin dala miliyan 1,000 daga bankunan Turai, ta kuma ce a ɗaure ɗamara.

Ɗalibai su ne suka fara jin zafin ɗamarar. Gaskiya ne a wannan zamani Kwalejin Abdullahi Bayero ta zama Jami'ar Bayero a 1977, aka kuma fara ilmin firamare kyauta a Satumbar 1976. Amma a watan Afrilu na 1978 aka ƙara kuɗin abinci da na kwana a jami'o'i, ɗalibai suka fito a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta ƙasa suna neman a cire Kwamishinan Ilmi, Kanar Ahmadu Ali. Aka harbe ɗalibi a Ikko, aka harbe wasu a Samaru ta Zariya, aka rufe jami'o'i, aka haramta ƙungiyar. Waɗannan ɗalibai su ne waɗanda shekara biyu kafin nan suka cika tituna suna kukan Murtala. Gwamnatin da ta harbe su kuwa ita ce dai tasa, da abokan aikinsa.

Abin da ya biyo baya

An cika alkawarin 1979, kuma wannan shi ne mafi girman abin yabo ga gwamnatin nan. Da aka ba mutanen Kano ƙuri'a, sai suka zaɓi jam'iyyar PRP ta Malam Aminu, Alhaji Abubakar Rimi ya zama gwamna, ya soke haraji da jangali. A lura fa, harajin da talaka ya daɗe yana kuka da shi, gwamnan da ya zaɓa ne ya ɗauke masa.

Ranar 31 ga Disamba, 1983, soja suka dawo, Janar Muhammadu Buhari ya ce gwamnatinsa reshe ce ta gwamnatin Murtala. Aka yi murna kamar yadda aka yi a 1975. A watan Afrilu na 1984 aka canza launin kuɗi cikin kwana 12, aka rufe iyakokin ƙasa. Fatauci tsakanin Kano da Maraɗi da Damagaram ya tsaya cik a shekarar fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan shekara sunan El-Buhari. Dokar soja mai lamba 4 ta ɗaure 'yan jarida, Sarkin Kano kansa aka hana shi fita ƙasarsa wata shida saboda ziyarar da ya kai Isra'ila. Babangida ya karɓa a Agustan 1985, ya kawo shirin gyaran tattalin arziki a 1986, darajar naira ta fara gangarowa, masaƙun Kano suka shiga halin da ya kai yawancinsu ga rufewa. Daga 1993 zuwa 1998 wani ɗan Kano, Janar Sani Abacha, ya yi mulki, kuma an shafe fiye da shekara 20 ana dawo da kuɗin da aka fitar a zamaninsa daga bankunan Suwizalan da wasu ƙasashe. Kowane ɗaya daga cikinsu ta ƙofar da Murtala ya bi ya shigo, da irin dalilan da ya bayar.

Hukuncinmu

Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Murtala wata shida da 'yan kwanaki ya yi. Bai zauna ya ga faɗuwar kasuwar fetur ba, bai fuskanci ɗalibai a kan titi ba, ba a jarraba shi da ranar sauka ba. Muna girmama ƙarfin halinsa da kishinsa, muna kuma yi masa addu'a. Amma abin da muka gani a tarihin birnin nan abu uku ne. Mulkin soja yana da sauri, kuma saurin nan shi ne amfaninsa, shi ne kuma haɗarinsa, domin dokar da ta rushe En'e a dare ɗaya irinta ce ta kori marar laifi a dare ɗaya. Ya tattara iko da kuɗi a tsakiya, har jihar da take ciyar da kanta da gyaɗa da fata da ciniki ta koma jiran kason wata-wata. Sa'an nan ba ya ba jama'a hanyar zaɓe ko hanyar tsigewa: wanda ya kira soja yana fatan Murtala, ba shi da ikon hana a ba shi wani.

Wannan ba wanke 'yan siyasa ba ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma yunwar da ta fito da samari kan titi a 2024 gaskiya ce. Ko rufe iyakar Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024, wanda ya gurgunta 'yan kasuwar Dawanau, gwamnatin farar hula ce ta yi shi. Bambancin shi ne, a yau muna iya tsayawa a wannan zaure mu faɗi haka da sunanmu, mujallar ƙungiyarmu ta buga, bayan shekara huɗu kuma mu je rumfar zaɓe.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai, musamman na sashen Tarihi da Kimiyyar Siyasa da Tattalin Arziki, su shiga unguwannin birni, Kurawa da Yakasai da Ɗandago da Madabo, su zauna da dattawan da suka ga wannan zamani tun suna raye. A tambayi tsohon ma'aikacin En'e, da wanda aka sallama a 1975, da ɗan kasuwar da ya yi layin canjin kuɗi a 1984, a rubuta abin da suka faɗa da Hausa, a kai wa ƙannenmu da ba su sami zuwa jami'a ba. Kowa kuma ya yanki katin zaɓe, ya san sunan kansilansa da abin da ƙaramar hukumarsa take karɓa kowane wata.

Allah ya jiƙan Janar Murtala da duk waɗanda suka rasa rayukansu a waɗannan shekaru, soja da farar hula. Allah ya ba ƙasarmu shugabanni masu adalci, ya zaunar da Kano lafiya.